Bashin da ba a rubuta ba: gidajen Madarunfa da karatun jami'a

Ana yawan cewa ɗalibin Nijar ba ya fita jami'a da bashi a wuya, tunda buris gwamnati take bayarwa, ba rance ba. Maganar ba ta cika ba. Yaron Madarunfa da ya ci jarrabawar bak ya shiga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, in ya dace hukumar ANAB za ta sa shi cikin masu buris. Amma kuɗin yakan makara wata da watanni, abin da ya sha fitar da ƙungiyar ɗalibai ta USN kan titi, ciki kuwa ba ya jira. A wannan tsakanin ne uwa take kai akuyarta kasuwa, uba ya buɗe rumbu ya auna gero tun bazara ba ta kama ba, wani ma ya jinginar da gona. Bashin yana nan. Gida ne ya ɗauke shi, ba a dai rubuta shi a littafin kowa ba.

Tunda gida ne yake biya, gida yana da haƙƙin sanin abin da takardar jami'ar take haifarwa. Mai lisans yakan yi bautar ƙasa shekara 2 da ɗan alawus, daga nan ko koyarwar kwantaragi ko zaman jiran gwamnati ta ɗauki ma'aikata. Ya kamata jami'ar ta riƙa bin sawun ɗalibanta duk shekara, ta faɗa a rediyo da Hausa: cikin waɗanda suka karanta noma, nawa ne suke aiki a fadamar Jiratawa ko bakin tafkin Madarunfa, nawa ne suka koma kabu-kabu, kuma abin da suke samu ya zarce mafi ƙarancin albashi na sefa 42,000 da aka tsayar a 2024? Wasu za su ce ilimi ba haja ba ne da za a ɗora a sikeli. Gaskiya ne, likita ɗaya a ƙauye ya fi ƙarfin lissafi. Sai dai wanda ya jinginar da gonar gado ya riga ya yi lissafi, a cikin duhu ya yi shi, kuma ɓoye masa alƙaluma ba girmama ilimi ba ne.

Akwai kuma masu cewa a kwaikwayi Najeriya, inda asusun NELFUND ya fara ba da rance marar ruwa a 2024, ana soma biya shekara 2 bayan bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na albashi. Tsarin a kan albashi ya jingina. A yankin da yawancin mutane suke ci daga gona, kiwo da fataucin kan iyaka ta Ɗan Isa, wane albashi za a cire? In aka kawo rance kafin a ƙidaya masu samun aiki, takardar bashin ƙofar mai rumbun nan za ta sake komawa.