Abubuwan Ban Mamaki Game da Binciken Lafiyar Jama'a

Ƙasashe da dama kan tura ma'aikata gida-gida, ko su buga waya, su tambayi manya yadda suke ci da sha da barci da motsa jiki. Daga amsar 'yan dubbai ake gane halin miliyoyi, kuma abin da ake tonowa yakan girgiza likitocin kansu.

A Ingila, a binciken shekarar 2008, amsoshin da mutane suka bayar sun nuna cewa maza 39 cikin ɗari da mata 29 cikin ɗari suna motsa jiki gwargwadon shawarar hukuma. Sai aka ɗaura wa wasunsu 'yar na'ura a ƙugu na mako guda, tana ƙirga motsinsu. Na'urar ta ce maza 6 ne cikin ɗari, mata 4. Ban ɗauki wannan a matsayin ƙarya da gangan ba. Ɗan Adam yakan tuna ranar da ya taka sosai har ya yi gumi, ya manta sauran kwanakin da ya wuni a zaune.

Haka abin yake a batun jiki: in aka tambaya da baki, mutane kan ƙara wa kansu tsawo su rage nauyi. A ƙasashen da ake shan giya kuwa, in aka haɗa abin da jama'a suka ce sun sha, yakan tsaya wajen rabin abin da aka sayar.

Shi ya sa Amurka ba ta tsaya kan tambaya kawai ba. Tana da wani bincike mai suna NHANES, wanda tun 1999 yake duba kimanin mutum 5,000 a kowace shekara. Manyan tireloli ake jerawa a haɗa su su zama asibitin tafi-da-gidanka, a auna jini da fitsari da haƙora. Wannan bincike ne, a wani zagayensa na baya, ya gano cewa tsakanin 1976 da 1980 dalmar da ke cikin jinin Amurkawa ta ragu da kashi 37 cikin ɗari, daidai lokacin da ake rage dalma a man fetur. Hujjar ta ƙarfafa masu neman a raba fetur da ita baki ɗaya. Duk wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san girman wannan al'amari. Binciken dai ya sake gano, tsakanin 1988 da 1991, cewa kusan mutum 88 cikin ɗari na waɗanda ba sa shan taba suna da alamar hayaƙinta a jininsu. Hayaƙin wasu suke shaƙa ba su sani ba.

Wani binciken na Amurka ta waya ake yin sa. Ya faro a 1984 da jihohi 15, yanzu yana tattaunawa da sama da mutum 400,000 a shekara.

Yunwa ce ta haifi na Japan. An fara shi a 1945, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don a san yawan abincin agajin da ake buƙata. Yau ƙiba ake tsoro: tun 2008 ake auna ƙugun 'yan shekara 40 zuwa 74, kuma namijin da ya kai santimita 85 ko macen da ta kai 90 za a duba sauran alamunsu, in ta kama a ba su shawarar rage tumbi.

A yankin Kareliya ta Arewa da ke Finland, ciwon zuciya ya addabi maza matasa har jama'a suka kai kuka ga gwamnati. A 1972 aka fara auna mutane, aka ga taba da gishiri da man shanu sun yi yawa. Aka shiga wayar da kai, ana maimaita awon duk shekara biyar. Cikin shekaru arba'in mutuwar maza masu ƙarfin aiki daga ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Wani lokaci binciken labari mai daɗi yake kawowa. Da can ana kimanta masu ƙwayar cutar ƙanjamau ne daga matan da ke zuwa awon ciki, galibi a birane. Da Indiya ta bi gidaje ta gwada jini a 2005 zuwa 2006, ƙiyasinta ya sauko daga miliyan 5.7 zuwa kusan miliyan 2.5. Najeriya ma ta yi nata a 2018, aka sanar da sakamakon a Maris na 2019: kimanin mutum miliyan 1.9, alhali a baya ana maganar sama da miliyan 3.

Wanda ya fi damuna shi ne hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wani bincike mai hawa uku, wato tambaya, da awon jiki, da gwajin jini, wanda Nijar ta gudanar a 2007. Daga irin waɗannan awon hukumar ta ƙiyasta a 2021 cewa kimanin 46 cikin ɗari na manyan da ke da hawan jini ba su san suna da shi ba. Mutum yana harkarsa, ba ciwon kai ba jiri, sai wata rana a ji ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye.

Don haka in masu irin wannan aiki suka yi maka sallama, ka nemi ganin katin shaidarsu. In ka gamsu, ka ba su wuri, ka faɗa musu gaskiyar abin da kake ci da wanda kake sha, ka kuma miƙa hannu a auna maka jini.