Idan birki ya nutse ƙarƙashin ƙafa: yadda ake gano inda matsalar take

A garejin gyaran motoci, daga Yamai har Damagaram, kukan da direbobi suka saba zuwa da shi shi ne birki ya yi laushi, sai an taka sau biyu ko uku kafin mota ta tsaya. Sau da yawa akan ƙara man birki kawai, wanda mutane ke kira lokid, a kama hanya. Amma birki ba ya shan mai kamar inji. Idan man ya yi ƙasa sosai, akwai inda yake fita.

Lokacin da direba ya taka birki, ƙafarsa tana tura fistan cikin babban famfo, wato metir-silandir a bakin masu gyara. Famfon ya matsa mai cikin bututu zuwa ƙafafun mota huɗu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ke isa ga taya nan take. Iska kuwa tana matsuwa. Don haka yadda abin takawa ke amsawa ƙarƙashin ƙafa yana nuna inda ciwon yake.

Gwajin farko ba ya cin ko dala. A tsayar da mota a wuri mai lebur, a taka birki da ƙarfi, a riƙe kamar daƙiƙa 30. Idan yana sauka a hankali har ƙasa, ko dai mai na yoyo, ko robobin cikin babban famfo sun cinye. Sai a duba bayan kowace taya, da tiyon roba, da mahaɗar bututu. Jiƙewa a cikin taya ta baya tana nufin ƙaramin famfon da ke cikin gangar birki ya fashe. Idan ko'ina a bushe yake, man tanki bai ragu ba, to famfon ne ke mayar da mai baya ta cikinsa, sai a sauya robobin ko famfon gaba ɗaya. Akwai kuma yoyon da ke ɓuya: man yakan zuba cikin baƙin tulun da ke bayan famfo, ba a ganin ɗigo a ƙasa.

Idan kuwa birkin yana da laushi kamar soso, amma yana ƙara tauri in an yi ta takawa, galibi iska ce ta shiga, musamman bayan an kwance wani bututu ko an bar tanki ya bushe. Maganinsa fitar da iska, kuma aikin mutum biyu ne: ɗaya ya taka ya riƙe, ɗaya ya sassauta ƙaramin noti na jikin birkin taya, ya ɗaure kafin a ɗaga ƙafa. A yawancin motoci ana farawa daga tayar da ta fi nisa da famfo. Wasu masu ABS sai an haɗa da na'ura.

Wanda ya fi haɗari shi ne birkin da ke lafiya lau da safe, ya ɓace a tsakiyar tafiya, ya dawo bayan an huta. Man birki yana jan danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Da ruwa ya kai kusan kashi 4 cikin 100, sai ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155. Motar da aka labta wa albasar Galmi, ko Hiace cike da fasinja da kaya a gangaren Adar wajen Keita da Buza cikin zafin Afrilu, idan direba ya ɗora ƙafa kan birki bai ɗaga ba, man na iya tafasa ya zama tururi, ƙafa ta tafi ƙasa fayau. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya man duk shekara 2, kuma a gangare a sauko da giya ƙasa inji ya riƙe mota. Man da aka saya a kwalbar da ta daɗe a buɗe ya riga ya sha danshi tun kafin a zuba shi.

Dabaru biyu da ake yi a hanya ba gyara ba ne. Zuba man inji ko ruwan sabulu a tanki yana kumbura robobi ko ya sa tsatsa, har a wayi gari sai an sauya komai. Toshe bututun tayar da ke yoyo kuma yana sa mota ta fizge gefe guda in an taka da ƙarfi.

Idan birki ya nutse ana cikin gudu, a yi ta takawa da sauri, domin motocin yanzu layi biyu gare su, ɗaya yakan rage. A rage giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu a hankali, kada a kashe inji sai mota ta tsaya. Daga nan sai dai a ja ta zuwa gareji.