Sa'ad Da Baki Ya Kasa Waƙa

A kusan kowace majami'a akwai wurin da muka saba ganin wani ɗan'uwa ko wata 'yar'uwa a zaune, amma yanzu ba kowa a wurin. In muka bi sawu har gida, sai mu tarar mutumin yana nan, ga ido lafiyarsa ƙalau, amma zuciyarsa ta karai. Barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, in an ce a yi addu'a sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya riga ya juya masa baya. Waɗansunmu kuwa muna zuwa sujada kowace Lahadi, muna buɗe baki tare da jama'a, amma zullumin bashi, da kuɗin makarantar yara, da ciwon da ya ƙi jin magani, suna zaune a ƙirjinmu kamar dutsen niƙa.

Me sujada za ta yi wa irin wannan mutum? Domin mu amsa, bari mu ba ku labarin waɗansu abokai biyu na ƙasar Ingila, waɗanda ekklesiya tana raira waƙoƙinsu har wa yau.

Mutum Biyu, Gari Ɗaya

Na farinsu John Newton ne, an haife shi a Landan a 1725. Ya tashi cikin aikin jirgin ruwa, ya yi suna wajen saɓo da ashar. Ya shiga cinikin bayi a gaɓar tekun Saliyo, inda shi kansa ya sha wuya a gidan ubangidansa kamar bawa. A watan Maris na 1748, suna kan hanyar komawa gida, hadiri ya kusa nutsar da jirginsu, sai ya yi kuka ga Allah ya nemi jinƙai. Kada mu ɓoye gaskiya: bai rabu da jirgin bayi ba sai a 1754. Daga baya ya furta laifinsa a fili, a 1788 ya rubuta ɗan littafi yana tone muguntar cinikin. A 1764 aka naɗa shi fasto a Olney, wani ƙaramin gari na talakawa, inda mata da yawa suke ci da saƙar leshi.

Na biyu William Cowper ne, ɗan fasto, an haife shi a 1731. Uwarsa ta rasu yana da shekara shida. Ya karanta aikin lauya, amma mutum ne mai raunin zuciya. A 1763 aka nema masa aikin akawu a majalisar manyan ƙasar, aka ce sai ya tsaya a gabansu an gwada shi. Tsoron wannan rana ya ci ƙarfinsa har ya nemi ya hallaka kansa. Aka kai shi garin St Albans, gidan jiyya na wani likita Kirista, Nathaniel Cotton. A can ne, a 1764, ya buɗe Littafi Mai Tsarki idonsa ya faɗa a kan Romawa 3:25. Nan ya gane Almasihu ya riga ya biya bashin da shi yake ta ƙoƙarin biya. A 1767 ya koma Olney da zama, kusa da gidan Newton.

Su biyun suka riƙa tsara sababbin waƙoƙi domin taron addu'a na mako-mako, da kalmomi masu sauƙi waɗanda masaƙa da 'yan ƙodago za su riƙe a ka. A 1779 aka buga su cikin littafi ɗaya, waƙa 348, fiye da sittin daga cikinsu na Cowper ne.

Duhu Ya Komo

Ran 1 ga Janairu, 1773, Newton ya yi wa'azin sabuwar shekara daga 1 Tarihi 17:16-17, inda sarki Dawuda ya zauna a gaban Ubangiji yana mamakin yadda Allah ya kawo shi har wannan matsayi, shi da ba kome ba ne. Domin wannan wa'azi ne ya tsara waƙar da duniya ta sani da suna Amazing Grace, watau Alheri Mai Banmamaki.

To, ga abin tausayi. Cikin wannan wata ɗin ciwon Cowper ya komo. Ba da daɗewa ba ya yi wani mugun mafarki, ya farka yana ganin lalle Allah ya yashe shi har abada. Tun daga lokacin bai ƙara zuwa sujada cikin jama'a ba har ya rasu a 1800. Mutumin da ya koya wa dubbai raira waƙar gafara, shi bakinsa ya kasa.

Me Newton ya yi? Bai ce masa ya yi wani ɓoyayyen zunubi ba, bai kuwa ce bangaskiyarsa ta ƙarya ce ba. Shi da matarsa suka ɗauke shi a gidansu fiye da shekara guda. Wata gwauruwa mai tsoron Allah, Mary Unwin, ta yi jiyyarsa shekaru da yawa. Da sauƙi ya samu, sai ya kama aikin lambu da sassaƙa da kiwon zomaye, ya kuma rubuta waƙoƙin da suka sa sunansa ya cika Ingila. Bayan Newton ya koma Landan a 1780, wasiƙa ba ta yanke tsakaninsu ba. Da Cowper ya rasu, Newton ya yi wa'azi a kansa daga Fitowa 3, labarin kurmin da Musa ya gani yana cin wuta amma bai ƙone ba. Haka ya ga ran abokinsa.

Sujada Iri Biyu

Akwai sujada irin ta kasuwa. Mutum yakan zo da azuminsa, da baikonsa, da kyawawan ayyukansa, ya baje su a gaban Allah yana jiran a biya shi. Wannan ba ta da magani ga mai alhini, gama kullum yana lissafi, kullum kuwa kuɗinsa ba ya cika. In abu ya ɓaci sai ya ce, ai laifina ne, ban yi addu'a isasshiya ba. Nauyi ya ƙaru a kan nauyi.

Sujadar alheri kuwa takan fara da abin da Allah ya riga ya yi. Mu duba yadda take. Mukan furta zunubanmu, sa'an nan a karanta mana alkawarin gafara. A Jibin Ubangiji mukan miƙa hannu wofi, a sa mana gurasa a ciki. Waƙoƙinmu masu kyau suna ba da labarin gicciye da tashin Ubangiji Yesu, abin da ya faru ya tabbata, ko mun tashi da murna ko mun tashi da baƙin ciki. Mai zullumi yana jin muryar tsoronsa kwana shida. A rana ta bakwai yana bukata ya ji wata murya daga waje tana ce masa an karɓe shi.

Har ma kuka yana da wuri a cikin sujada. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, duk da haka Ruhu Mai Tsarki ya bar ta cikin littafin waƙoƙin jama'ar Allah. Ashe ba sai mun share hawaye kafin mu shiga majami'a ba.

Sa'ad da baki ya kasa waƙa kuma, sai 'yan'uwa su raira a madadinsa. A Markus 2 mutum huɗu suka ɗauko shanyayye, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu, Ubangiji kuwa ya dubi bangaskiyarsu. Abin da Newton ya yi wa Cowper ke nan. Bai iya warkar da shi ba, amma ya riƙe kusurwar tabarmarsa har ƙarshe.

Aikinmu

Ku fastoci da masu bi da sujada, ku auna wa'azinku da waƙoƙin da kuke zaɓa. Wanda ya shigo da karyayyar zuciya, zai fita da labari mai daɗi, ko da sabon kaya a ka? Ku iyaye, a addu'ar iyali da dare ku bar yara su faɗi abin da yake ba su tsoro, ku kai shi gaban Allah tare, sa'an nan ku rufe da waƙar godiya.

Mu kuma sani baƙin cikin da ya kwantar da mutum makonni cuta ce, kamar yadda ciwon sukari cuta ne, akwai kuwa likitoci da magani dominta. Kai shi asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Sa'ad da annabi Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, Allah ya fara ba shi barci da abinci da ruwa tukuna, kafin ya yi masa magana a dutsen Horeb. In ɗan'uwa ya ambaci kashe kansa, kada a ɗauka wasa ne. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ƙwari da makamai daga kusa da shi, a nemi likita a ranar.

Kai kuma mai karatu, in kai ne bakinka ya kasa waƙa, zo ka zauna ko a bencin baya ne, ka yi shiru, mu za mu raira. Cetonka yana rataye ga abin da Almasihu ya gama a kan gicciye, wannan kuwa rashin barcinka ba ya iya warware shi.

Ran Lahadi mai zuwa mu duba wurin nan da ba kowa. In an tashi sujada, mutum biyu ko uku su ɗauki Littafin Waƙoƙi da ɗan abinci, su je su yi sallama a ƙofar gidansa.