Goro da shayi: su hana mu barci, su ci kuɗin zubi

Ƴan uwa mata, ba a suna ko ɗaurin aure ba goro, hira kuma ba ta daɗi ba shayi. To mine ne a cikinsu da ke korar gajiya?

Sunansa kafeyin. Yana cikin goro, ganyen shayi, kafe, da lemun kwalba irin su Coca-Cola. Wani masani ɗan Jamus mai suna Runge ne ya fara ware shi daga ƴaƴan kafe a 1819. Ga yadda yake aiki: tun safe ƙwaƙwalwarmu ke tara wani sinadari, adenosin, wanda ke ce mana "kin gaji, je ki kwanta". Kafeyin sai ya toshe ƙofar da saƙon ke shiga. Gajiyar tana nan, jin ta ne kawai muka daina. Bashi ne, kuma jiki sai ya biya.

Ba ya saurin fita. Bayan kamar awa 5, rabinsa na nan cikin jini. Shi ya sa shayin bayan magariba ke sa mu juye-juye, ga sammakon kasuwa na jira.

Ga mai ciki abin ya fi nauyi: jikinta ya fi jinkirin fitar da shi, yana kuma ratsawa har ga ɗan tayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa mai cikin da ke wuce miligiram 300 a rana, wato kusan kofi uku na kafe, ta rage, don gudun ɓari ko haihuwar jariri maras nauyi. Mai goyo ma, wani kaso na bi ta nono.

Shayi na da wata illa daban: yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, alhali ƙarancin jini na damunmu. Kada mu haɗa shi da cin abinci ko ƙwayoyin ƙarin jini na awon ciki. Mu bar awa ɗaya ko biyu tsakani.

Sai aljihu. Goron dala ashirin kullum, jikka 3 ke nan a wata, sama da jikka 36 a shekara. Jarin ƙosai ko awara ne sukutum.

Ba mu ce a bari kwata-kwata ba. Wadda ta saba, in ta yanke lokaci guda, ciwon kai zai kama ta kwana biyu. Mu rage sannu-sannu: ɓari ɗaya maimakon goro guda, shayi da safe banda dare. Abin da ya ragu, ranar taro mu jefa shi cikin akwati.