Kwaɗo a Jarrabawar Bayoloji: Gani Ya Kori Ji

Da zarar damina ta sauka a Kaduna, kukan kwaɗi kan cika kududdufan Kawo, Malali da Unguwar Rimi. Wannan halitta da muke tsallakewa a hanya tana cikin dabbobin da ɗalibi zai iya tararwa a jarrabawar bayoloji ta WAEC ko NECO. Da yawa kan haddace sunayen gaɓoɓinta, amma su yi asarar maki idan an ce su bayyana aikinsu.

Makullin darasin ɗaya ne: kwaɗo mai gida biyu ne, ruwa da tudu, kuma kowace gaɓa tasa amsa ce ga wannan rayuwa.

Alal misali, numfashi. Ɗan kwaɗo mai wutsiya yana shaƙar oksijin daga ruwa kamar kifi. Idan ya girma, sai ya yi amfani da hanyoyi 3: fata mai danshi, rufin cikin baki, da huhu. Da yake ba shi da tantanin ƙirji irin namu, da ƙasan bakinsa yake tura iska zuwa huhu, shi ya sa maƙogwaronsa ba ya daina motsi. Zuciyarsa kuwa ɗaki 2 gare ta yana ƙarami, ta koma 3 bayan ya rikiɗe. Haka nan ƙaramin amoniya yake fitarwa, wadda ruwa ke tsarmawa, babban kuwa yuriya, domin tattalin ruwan jiki.

Sai a kula da bambanci. Kwaɗon tudu, wanda tsofaffin littattafai ke kira Bufo regularis, yanzu kuma Sclerophrys regularis, fatarsa kaushi gare ta, ba shi da haƙora, yana da kumburin dafi a bayan idanu, ƙwansa kuma a jere yake kamar carbi. Na ruwa santsi gare shi, ƙafafun baya dogaye, ƙwansa a dunƙule.

Wajen zane, a yi amfani da fensir mai tsini, a rubuta take da ninkin girma, a ja layukan suna da rula ba tare da sun gitta juna ba.

Ga malamai kuwa, kwalba ɗaya ta ƴaƴan kwaɗi a tagar aji ta fi allo cike da rubutu. Ɗalibin da ya ga wutsiya na ƙanƙancewa, ƙafafu na tsirowa, da wuya tambaya ta rikita shi. Bayan an gama, a mayar da su kududdufinsu.