Kafin ka ɗaure kaya: abin da ya kamata mai tashi gida a Hausari ya sani

Mai shirin tashi daga wani gida zuwa wani, yawanci hankalinsa na kan buhuna da kwalaye da kuɗin mota. Amma a tsohuwar unguwa irin Hausari, wadda ke tsakiyar Maiduguri kusa da Kasuwar Monday, mafi yawan da-na-sani na fitowa ne daga abin da mutum bai bincika ba kafin ya biya hayar shekara.

Fara da bango. A ranar 10 ga Satumba 2024 mutanen Maiduguri suka wayi gari cikin ruwa, bayan madatsar Alau ta ɓalle kuma kogin Ngadda ya yi ambaliya. Ruwan ya shiga Gwange da fadar Shehu da ita kanta Kasuwar Monday. An taɓa ganin irin wannan a 1994. Bayan ruwa ya janye an yi yaɓe da fenti a gidaje da dama, kuma sabon fenti kan rufe abubuwa da yawa. Ka ƙwanƙwasa bangon daga ƙasa, musamman idan ginin ƙasa ne aka lulluɓe da siminti. In ka ji yana amsawa kamar ganga, yaɓen ya rabu da jikin ginin. Ka duba ko tsakar gidan ta fi lungu tudu ko ta fi shi kwari, ka bi lambatu ka ga inda yake zubarwa, ka leƙa banɗaki ka ga ko ramin ya fara zaftarewa. Sannan ka tambayi maƙwabta iya inda ruwa ya kai. Dillali la'adarsa yake nema, shi kuwa maƙwabci ba shi da abin da zai ci a ciki. Wanda ya samu damar ganin gida a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, ya huta da rabin waɗannan tambayoyi.

Sai batun mai gida, kuma a nan ne aka fi shan wuya. Gidajen tsofaffin unguwanni da yawa na gado ne. Kana iya biyan wani daga cikin magada, bayan wata biyu ƙaninsa ya zo da sallama ya ce shi bai san da zancen ba. Don haka ka nemi sanin wa aka wakilta ya karɓi haya, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai gyara rufi in ya yi yoyo, wa zai biya kuɗin kwashe masai. La'adar dillali ma a yanke ta tun kafin a ga gidan. In kuwa saye za ka yi, kada takardar ciniki kaɗai ta ishe ka. Ka je hukumar BOGIS mai kula da takardun filaye a jihar Borno ka tantance.

Wuta daga kamfanin YEDC take zuwa, kuma sau da yawa akan tarar da bashin wuta a kan gida bayan wanda ya ci shi ya tashi. Ka karɓi lambar mita ko takardar kuɗin wuta ta ƙarshe. Ruwa kuma, in gidan babu famfo ko rijiyar burtsatse, to ka sa kuɗin 'yan garuwa cikin lissafin haya. Ɗakin kwano marar silin da taga ɗaya, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ba wurin kwanan yara ba ne komai arharsa.

Ranar kwasar kaya ba ta da wuya in an shirya. Tun 2011 aka hana hawa babur a Maiduguri, saboda haka a-kori-kura ce ta manyan kaya, Keke Napep ta ƙanana, sai baro da 'yan dako inda lungu ya matse. A gama ciniki da su kafin su taɓa komai, a kuma fita da sassafe kafin cunkoson kasuwa ya tare hanya. Auna ƙofar zaure tukuna. In gado ko durowa ba za su shige ba, kira kafinta ya kwance su. Tangaran da kwanuka a bar wa uwargida ta naɗe su cikin zannuwa yadda ta sani. Takardun makaranta da katin zaɓe da na shaidar ɗan ƙasa kuwa, a saka su a leda, su zauna a jikinka.

Mutanen Borno da dama ba sa tarewa ba tare da an wanke gida an turara shi da turaren wuta ba, a yi addu'a, a aika wa maƙwabta ɗan abin sadaka. Ka haɗa da zuwa gaida Bulama, wato mai unguwa, tare da wanda ya ba ka hayar. Bayan shekarun rashin tsaro da garin ya gani, baƙuwar fuska a lungu sai an tambayi daga ina take, kuma gara unguwa ta ji amsar daga bakinka. Makullin tsohon gida kuma ka miƙa shi hannu da hannu gaban shaida, bayan kun zagaya ɗakunan tare da mai shi.