Yadda ake auna wa baka tsirkiya

A ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu, daga Ruma da Wagini a ƙasar Batsari zuwa Runka a ƙasar Safana, kwari da baka ba baƙon abu ba ne. Da shi Rumawa suka yi suna a yaƙe-yaƙen zamanin jarumi Ɗan Waire, da shi mafarauta suka ci abinci. Rashin tsaro ya hana shiga daji, bindiga kuma ta karɓe fage, don haka bakuna da yawa suna rataye a ɗaka, tsirkiyarsu ta bushe ta tsinke. Yaron da ya gaji irin wannan baka, abin da zai fara tambaya shi ne tsawon tsirkiyar da zai sa masa.

Amsar tana cikin tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wurin riƙo bayan an ɗaure baka. Ita ake nema, tsawon igiya hanya ce kawai ta kaiwa gare ta. Maharba a ƙasashe da dama da hannu suke aunawa: ka dunƙule hannu, ka ɗora shi a cikin baka daidai wurin riƙo, ka miƙe babban yatsa. A dogon baka irin na Ingila, kan yatsan ya kamata ya taɓa tsirkiya, wato inci 6 zuwa 7. Namu na ƙasar Hausa ya fi gajarta, don haka tazararsa kan yi ƙasa da haka.

Ga dalilin da ya sa ake damuwa da ita. In tsirkiya ta yi tsawo, tazara takan ragu. Da ka saki kibiya sai igiyar ta mari wuyan hannunka, ta yi ƙara, kibiya ta fita tana kaɗa gindi. Wannan ya fi cutar da mu, domin kibiyarmu ta kyauro ba gashin tsuntsu gare ta da zai daidaita ta a iska, nauyin ƙarfen kanta ne ke jan ta. In ta fita a karkace, da wuya ta gyaru. Ƙarar kuma ta isa ta sa gada ta zabura kafin kibiya ta iso. In kuwa tsirkiya ta gajarta, baka yana tanƙware fiye da kima tun ba a ja shi ba. Nisan da igiya ke tura kibiya ya ragu, gudunta ya ragu, itacen kuma ya gaji ya riƙe lanƙwasar har abada, ko wata rana ya tsage a hannu. A ganina wannan ta biyun ta fi muni, don marin hannu yakan warke, amma itacen da ya mutu ba ya dawowa.

To yaya ake farawa? Ka kwance baka, ka bi jikinsa da zare daga gurbin tsirkiya na sama zuwa na ƙasa. Masu ƙera baka a Amurka sun tsayar da ƙa'idar cewa igiya ta gaza tsawon baka da inci 3, kusan faɗin yatsu huɗu, mai lanƙwasassun kunnuwa kuwa akan rage masa wajen inci 4. Amma wannan na dogayen bakunansu ne, kada a ɗauko shi a ɗora wa namu kai tsaye. Lissafi ya nuna cewa baka mai santimita 120, in ana son tazarar santimita 12, ragin bai wuce santimita 3 da ɗan kai ba. Abin lura kuma, a irin wannan baka, rage santimita 1 daga igiya yana ƙara tazara da kusan santimita 2. Shi ya sa ake gyara kaɗan-kaɗan, ba a yanke da wuƙa tun farko.

Magabata sun san haka. Sukan yanko tsirkiya da tsawo, su ɗaure kai ɗaya tamau, ragowar su nannaɗe ta a ɗaya kan. Wannan naɗin shi ne wurin gyara: a warware a ja, ko a sassauta. In abin da ake so a rage ɗan kaɗan ne, sai a cire igiyar a ƙara murɗa ta, a bi inda murɗinta ya nufa tun asali.

Gyaran kuma ba na rana ɗaya ba ne. Tsirkiyar fata tana shan raɓa. Da damina takan saki, da hunturu ta ƙanƙance ta ɗaure, ta yadda bakan da aka daidaita a watan Agusta zai iya takura a Janairu ba wanda ya taɓa shi. Sabuwa kuma dole ta miƙe, ko ta fata ce ko igiyar roba ta kasuwa, sai an yi harbi da ita an sake aunawa. Shafa mata kitse ko man kaɗanya yana hana ta bushewa ta tsattsage.

Gwajin ƙarshe na kunne ne, kamar yadda mai garaya ke saurara yana ɗaure tsirkiyarsa. Ka harba kibiya uku ko huɗu cikin tulin yashi, ka ƙara murɗi, ka sake harbawa. Inda ƙara ta kwanta, girgizar hannu ta ragu, kibiya ta shiga a miƙe, nan ne wurin wannan bakan. Ka yanki kara daidai tazarar ka jefa cikin kwari don awon gaba. Kada ka taɓa ja ka saki ba kibiya, don ƙarfin duk a itacen zai sauka, kuma in za a ajiye baka kwanaki, a sassauta masa igiya.